Injiniyan da ke sa hannun ƙarshe: daga gindin teku zuwa Matameye

Ranar 14 ga Maris 2024 intanet ta yi nauyi a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, har da Nijar. Mai shago a Matameye da ke jiran saƙo daga Kano ko Agadas ba zai taɓa kawo teku a ransa ba, alhali can ɓarnar take. Manyan wayoyi huɗu da ke shimfiɗe a gindin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, su ne suka lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa. Sai da jiragen gyara na musamman suka taso daga nesa, aka kuma ɗauki makonni kafin al'amura su daidaita.

Tsakanin Matameye da bakin teku mafi kusa akwai sama da kilomita 900. Ruwan da mutanen ƙasar Kance, inda Matameye take, suka sani shi ne na fadamun Korama, inda ake noman rake da kayan lambu, sai rijiya da tabkin damina. Amma tun 2024 ɗanyen man Agadem yana bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a ƙasar Benin, a can kuma bututun ya nutse ƙarƙashin teku kafin ya isa inda manyan jiragen dakon mai ke ɗaukar lodi. Takin zamani da injin ban ruwa da babur, duk ta tashar jiragen ruwa suka shigo. Ƙasar da ba ta da gaɓa ma tana da dukiya kwance a ƙarƙashin ruwa, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Mutanen da suka fi kowa sanin wannan duniya ta ƙarƙashin ruwa su ne injiniyoyin makaman sojan ruwa, masu ƙera topido da nakiyar ruwa da na'urorin sauraren jiragen yaƙi masu nutso. Nijar ba ta da buƙatar topido, kuma ba na yi mata fatan ta kashe ko dala a kansa. Abin da take matuƙar buƙata shi ne irin mutumin da wannan sana'a ke rainowa har ya kai ƙololuwa: babban injiniyan da ba a sakin na'ura sai ya sa hannu, wanda kuma zai iya ƙin sa hannun ko da janar ne ke tsaye a kansa.

Teku wuri ne mai wuyar sha'ani ga na'ura. Duk mita 10 da aka nutsa, matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke bisa kanmu baki ɗaya. A zurfin mita 300, wanda jiragen yaƙi masu nutso ke iya kaiwa, abin da ke danne wuri mai faɗin tafin hannu ya kai nauyin buhun gero 30 masu kilo ɗari-ɗari. Ƙaramin aibi a walda ya isa ya hallaka jirgi da mutanen cikinsa. Haske ba ya nisa. Igiyar rediyo, wadda wayar salula da GPS ke aiki da ita, ruwan gishiri yana shanye ta nan da nan. Abin da ya rage shi ne sauti, wanda ke gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa ɗaya cikin ruwa, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya masanin kimiyyar Faransa Paul Langevin ya ƙera na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta saurari dawowarsa, kuma har yau a kan wannan tushe ake. Shi ma sautin ba ya tafiya miƙe. Zafin ruwa da gishirinsa da zurfinsa suna lanƙwasa shi, har jirgi ya laɓe ƙarƙashin wani shimfiɗin ruwa mai sanyi, mai nemansa daga sama ya kasa jin motsinsa.

Topido mai tuƙa kansa ya samo asali ne a 1866, daga hannun wani injiniya ɗan Ingila, Robert Whitehead, a garin Fiume, wanda yau ake kira Rijeka a ƙasar Kuroshiya. Babban topidon zamani yana da tsawon kusan mita 6, kaurinsa milimita 533, nauyinsa ya wuce tan ɗaya da rabi. A cikinsa akwai inji ko batir, a hancinsa akwai na'urar sauraro, akwai kwamfutar da ke bambanta jirgi na gaske da ƙarar yaudara, a bayansa kuma siririyar waya tana warwarewa tana haɗa shi da jirgin da ya harba shi. Aiki ne da ya haɗa masana lantarki da kanikawa da masana sinadarai da masu lissafin sauti da masu rubuta manhaja. Babu mutum ɗaya da ya iya duka. Dole a samu wanda ya san isasshe daga kowane fanni, yadda zai gane inda aikin wannan ya ci karo da na wancan, ya kuma ɗauki alhakin abin da aka haɗa.

Labarin da ya fi nuna nauyin wannan kujera shi ne na topidon Amurka mai suna Mark 14. An tsara shi a shekarun 1930 a tashar topido ta Newport, a jihar Rhode Island, ƙarƙashin ma'aikatar makamai ta sojan ruwa. Lokacin talauci ne, kowane topido kuma yana cin kusan dalar Amurka 10,000, don haka ba a yarda a fasa ko ɗaya ba. Ana gwada shi da kai marar nakiya, a tsamo shi, a goge, a mayar ma'ajiya. An kuma sa masa wata kunama ta sirri da ake kira Mark 6, wadda aka ce za ta ji maganaɗisun ƙarfen jirgi ta tashi a ƙarƙashinsa ba sai ta taɓa shi ba. Sirrin ya yi tsanani har yawancin waɗanda za su yi aiki da ita ba su san cikinta ba.

Da Jafan ta kai hari Pearl Harbor a Disambar 1941, jiragen Amurka masu nutso suka fita da wannan makami. Kyaftin-kyaftin suka riƙa dawowa da ƙorafi iri ɗaya: mun saita daidai, mun harba, babu abin da ya faru. Amsar ofis ita ce laifinku ne, ba ku iya saiti ba, ko ba ku kula da kayan ba. A watan Yunin 1942 Adimiral Charles Lockwood, wanda ke jagorantar jiragen daga yammacin Ostireliya, ya gaji da musun takarda. Ya sa aka kafa tarun masunta a wani mashigin ruwa kusa da garin Albany, jirgin Skipjack ya harba topido ya ratsa tarun, aka ɗago aka auna hujin. Gani ya kori ji. Makamin yana tafiya kusan mita 3 ƙasa da inda aka saita shi. Ɗaya daga cikin dalilan ba shi da wuyar fahimta: kan gwaji ya fi kan yaƙi sauƙin nauyi, kuma da kan gwajin aka daidaita komai. Sai a watan Agusta ma'aikatar ta amsa laifi.

Da aka gyara zurfi, sai cuta ta biyu ta bayyana: kunamar maganaɗisu tana tashi tun kafin a isa jirgi. A tsakiyar 1943 Adimiral Nimitz ya ba da umarnin a kashe ta a rundunarsa. Sai ta uku ta fito, wadda biyun farko suka rufe. Ranar 24 ga Yuli 1943 jirgin Tinosa ya samu wani katafaren jirgin dakon mai na Jafan, Tonan Maru mai lamba 3, ya harba masa topido 15, mafi yawansu suka buge shi ba su fashe ba. Kyaftin Lawrence Daspit ya ajiye na ƙarshe ya kai shi Pearl Harbor don a buɗe. Aka harba wasu a jikin bangon dutse na tsibirin Kahoolawe, aka riƙa sako kawunan daga injin ɗaga kaya a kan farantin ƙarfe. Ashe allurar da ke tada nakiya ce ke maƙalewa idan bugun ya zo kai tsaye da ƙarfi, wato gwargwadon ƙwarewar kyaftin a saiti, gwargwadon yadda makamin zai ci amanarsa. Aka sauya ta da mai sauƙin nauyi. Kusan wata 21 aka yi ana tura samari bakin mutuwa da makami mai aibi uku.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarin shi ne Adimiral Ralph Christie. Yana cikin waɗanda suka yi aikin kunamar Mark 6 tun yana ƙaramin hafsa a Newport. Da ya zama kwamandan jirage a Ostireliya, sai ya ci gaba da tilasta wa mutanensa amfani da ita har ƙarshen 1943, watanni bayan an kashe ta a Pearl Harbor. Mutum ne mai ilimi, kuma ilimin bai hana shi son abin da ya ƙera fiye da shaidar da ke gabansa ba. Wannan ita ce jarrabawar babban injiniya ta gaske, kuma babu jami'ar da ke ba da takardar cin ta.

Amurka ta sake biyan kuɗin makaranta ranar 10 ga Afrilu 1963, sa'ad da jirgi mai nutso na nukiliya, Thresher, ya nutse a tekun Atlantika lokacin gwajin zurfi da mutum 129. Masu bincike sun fi karkata ga cewa wata mahaɗar bututu ce ta saki, ruwa ya shiga ɗakin inji, ƙanƙara kuma ta toshe hanyar iskar da za ta kore ruwa daga tankuna jirgin ya taso. A wannan shekara aka kafa tsarin SUBSAFE. Ƙa'idarsa ita ce duk wani sashe da ke tare ruwan teku sai an san ƙarfen da aka yi shi da shi, da wanda ya yi waldar, da wanda ya duba, da sakamakon gwaji, duk a rubuce da sa hannu. Tun daga lokacin babu jirgin da ya cika sharuɗɗan tsarin da ya ɓace a teku. Scorpion, da ya nutse a 1968 da mutum 99, bai kai ga cika su ba. Aiki ne na tarin takardu, marar armashi, amma shi ke dawo da mutane gida.

A gefen injin nukiliya kuwa akwai Hyman Rickover, ɗan tela, wanda aka haifa a 1900 a ƙasar Folan ta ƙarƙashin Rasha, iyayensa suka kai shi Amurka yana yaro. Shi ya jagoranci ƙera Nautilus, jirgi mai nutso na nukiliya na farko, wanda ya shiga aiki a 1954, kuma bai bar kujerarsa ba sai 1982, bayan shekara 63 cikin kaki. Yakan zauna da kowane hafsan da ke neman shiga aikin nukiliya ya yi masa tambayoyi da kansa. Mutum ne mai zafin rai, maƙiyansa ba su ƙirguwa, amma ya kafa al'adar cewa kowane aiki yana da mutum ɗaya mai suna da za a tambaya. Ana iya gane darajar wannan in an dubi Kursk na Rasha, wanda ya fashe a tekun Barents ranar 12 ga Agusta 2000 da mutum 118. Binciken gwamnatin Rasha ya ɗora laifin a kan wani topidon atisaye da makamashinsa na haidirojin faroksaid ya yoyo. Ingila ta san halin wannan sinadari tun 1955, lokacin da irin wannan fashewa ta kashe mutum 13 a jirgin Sidon, ta kuma daina sa shi a topido.

Ta yaya mutum ke kaiwa wannan matsayi? A hankali. Yakan shiga da digirin injiniya a fannin lantarki ko kanikanci ko kwamfuta, a ba shi ɗan sashe guda, wataƙila batir ko bawul, ya yi shekaru a kansa. Yakan fita teku wajen gwaji ya ga yadda abin da ya yi kyau a takarda ke lalacewa cikin ruwan gishiri. Daga nan ya riƙe ƙaramin rukuni, sannan a ba shi haɗa sassa da yawa, sannan makami sukutum. Kafin ya zama babban injiniya ko daraktan fasaha, shekara ashirin zuwa talatin sun shuɗe. A cibiyar yaƙin ƙarƙashin ruwa ta sojan ruwan Amurka da ke Newport, shugabanci biyu ne: kwamanda mai kaki, wanda ake sauyawa bayan ƴan shekaru, da daraktan fasaha farar hula, wanda ke riƙe da dogon tarihin aikin. A wannan mataki mutum ya rage zane da hannunsa. Yininsa yana tafiya ne a kan kasafin kuɗi, da jayayya da kamfanonin kwangila, da zaɓen matasan da za su gaje shi, da yanke hukuncin ko a ɗage ranar miƙa kaya saboda gwaji bai gamsar ba. Waɗannan kujeru kuma na ƴan ƙasa ne kawai, bayan binciken tsaro mai tsanani. Duk wanda ya ce wa saurayin Matameye zai samo masa irin wannan aiki a waje in ya biya wani abu, ɗan damfara ne.

A Afirka, Aljeriya da Masar da Afirka ta Kudu ne ke da rundunar jirage masu nutso, kuma duk saye suka yi, Aljeriya daga Rasha, sauran biyun mafi yawa daga Jamus. Najeriya ba ta da ko ɗaya, amma tana da abin da ya shafe mu kai tsaye. Adimiral Awwal Zubairu Gambo, ɗan Kano, wanda ya riƙe muƙamin babban hafsan sojojin ruwa daga Janairun 2021 zuwa Yunin 2023, fannin da ya ƙware a kai shi ne yaƙin ƙarƙashin ruwa. Ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Kaduna a 1984, wato shekara 37 ke nan tsakanin shigarsa da hawansa kujerar. Kano ma ba ta da teku, kuma daga Matameye, in an bi Ɗan Barto da Kwangwalam da Daura, tafiyar ƴan sa'o'i ce. Shi dai mai aiki da makami ne, maƙeran suna ma'aikatar ƙera jiragen sojan ruwa da ke Legas. A can injiniyoyin rundunar suka gina jirgin sintiri Andoni mai mita 31, aka ƙaddamar da shi a 2012; sai Karaduwa a Disambar 2016, mai sunan kogin ƙasar Katsina da aka tare da madatsar Zobe kusa da Dutsin-Ma; sai Oji a Disambar 2021. Ƙananan jirage ne in an gwada da na manyan ƙasashe, injunansu ma daga waje suke. Amma kowane ya fi wanda ya gabace shi girma, kuma wanda ya riƙe awo a na farko yana iya riƙe rukuni a na uku. Haka ake samun manya.

Ban manta cewa makami ake magana ba. Ranar 2 ga Mayu 1982 jirgin Ingila Conqueror ya nutsar da General Belgrano na Ajantina, mutum 323 suka mutu, da yawansu samari masu bautar ƙasa. Kyaftin ɗin Conqueror yana da sabon topido mai waya, amma ya zaɓi tsohon Mark 8, wanda aka tsara tun shekarun 1920, don shi ya fi amincewa da shi. Injiniya zai karanta wannan a matsayin darasi kan gwaji. Iyayen mamatan ba haka za su karanta shi ba, kuma duk mai shiga wannan sana'a ya kamata ya riƙe duka biyun a zuciyarsa.

Tarihinmu da Faransa ma ya ratsa ta nan. Makarantar injiniyoyin jiragen ruwanta ta faro tun 1741, ita ce ta zama ENSTA ta yau. A 1961 Janar de Gaulle ya haɗa harkar ƙera makamai ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda yanzu ake kira DGA. Ranar 24 ga Afrilun wannan shekara Faransa ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Nijar da Kwaddibuwa da Dahomey, wato Benin ta yau, wadda ta ba ta fifiko wajen sayen ma'adanai masu muhimmanci ga tsaro, har da yuraniyom. A 1971 jirginta mai nutso na farko mai ɗauke da makaman nukiliya, Le Redoutable, ya shiga aiki, a shekarar ce kuma kamfanin SOMAIR ya fara fitar da yuraniyom a Arlit. Ɓangare ɗaya yana da injiniyoyin da aka yi shekara 230 ana rainowa, ɗayan yana da ƙasa da leburori.

Yau Nijar tana ƙoƙarin sauya wannan rabo. A watan Maris 2025 gwamnati ta kori manyan jami'ai uku ƴan ƙasar Sin na kamfanonin mai, ciki har da na matatar SORAZ, kuma bambancin albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa yana cikin ƙorafe-ƙorafen. A watan Yuni ta mayar da SOMAIR hannun ƙasa. Doka tana iya sauya mai kamfani cikin yini guda. Mutumin da zai dubi hoton walda a bututun mai ya ce a tsayar da aiki, ya kuma yi daidai, shi ne ba a samu da doka. SORAZ, da ke arewacin Damagaram, ta fara aiki a Nuwambar 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Wanda ya shiga ta yana sabon injiniya a 2011, yanzu ne yake shiga shekarun da ya kamata a fara damƙa masa hukunci, in har an bar shi ya taɓa aikin gaske tun farko.

Makarantun suna nan: EMIG a Yamai, Jami'ar André Salifou a Damagaram, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, 2iE a Wagadugu, ga mai son teku kuma akwai makarantar ARSTM ta Abijan da ta Oron a Najeriya. Ƙasar Kance tana da yawan jama'a da ƙarancin gona, kuma ba mu manta da Oktoban 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kan hanyar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga wannan yanki. Yaran da ke bin waccan hanya ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Lise mai malamin lissafi da na kimiyya waɗanda ba sa tafiya bayan shekara ɗaya, da ɗakin gwaji mai kayan aiki, da tallafin da zai riƙe yarinya ko yaro har ya ci bak a fannin kimiyya, nan tsanin yake farawa.

A saman tsanin kuma akwai abubuwan da gwamnati za ta iya rubutawa cikin kowace kwangila tun yanzu, ta mai ce, ta ma'adinai, ko ta madatsar Kandaji. Takardun gwaji da na duba walda su zauna a Nijar, cikin harshen da injiniyoyinmu ke karantawa. Kowace babbar kujerar fasaha da baƙo ke riƙe da ita ta kasance da ɗan ƙasa mai suna a gefenta, da shekarar da zai karɓa. Injiniyan da ya ƙi sa hannu saboda haɗari ya samu kariyar doka daga kora ko sauyin wurin aiki. Kuma kowace shekara kamfanonin su buga adadin ƴan Nijar da ke da ikon tsayar da inji ba tare da sun nemi izinin kowa ba, kamar yadda suke buga adadin gangunan da suka tace.